Na bar shinkafa don kaina, na koyi haɗa jeli don 'ya'yana

A sawu na huɗu tsakanin Safa da Marwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Gwiwoyina suka riƙe, numfashi ya koma fita da ƙyar, zuciyata na bugawa har ina jin ta a cikin kunne. Na lallaɓa na jingina da bango, mutane na ta wucewa ta gabana suna zikiri. Maigidana ya dubi fuskata, bai ce komai ba, ya tafi ya nemo keken tura marasa lafiya. A kansa na ƙarasa abin da ya rage. Surukata Hajiya, wadda a lokacin ta ba shekara saba'in baya, tana tafe a gefena da ƙafarta, carbi a hannu, ko haki ba ta yi. Ni kuwa shekarata 36. Sa'ayin nan duka-duka kilomita uku ne da ɗan ɗoriya, a ƙarƙashin rufi, cikin sanyi, amma ya gagare ni.

Watan Nuwamba na 2019 ke nan. Har muka kamo hanyar Jidda ba wanda ya tayar da zancen. Na sauke niƙabina, na juya fuska wajen taga, na yi kukana a hankali don kada yara su ji.

A Fagge aka haife ni, a can na yi karatu, aure ne ya kawo ni Jidda a 2010. Maigidana haifaffen Makka ne. Kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Kano, ya yi shekaru a hanya yana noma yana ɗinki ta Chadi da Sudan, har ya tsallako Bahar Maliya ta Sawakin. Gidansu har gobe Hausa ake yi, sai dai an gauraya ta da Larabci, irin wadda ake ji a unguwar Shari'a Mansur ta Makka. Ranar da na sauka a filin jirgi nauyina kilo 62 ne. Ranar da aka tura ni a keke, 104.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda kilo arba'in ke hawa kan mutum bai ankara ba. A Kano ƙafata ce motata: Kantin Kwari, Islamiyya, gidan biki, gidan suna, ga surfe ga wanki a duƙe. A nan kuwa daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kanti, rana ba ta barin mutum ya taka ko nan da can. Ga abinci Allah Ya hore. Da safe burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful, da shayi mai suga cokali uku. Da rana kabsa ko mandi, a juye shinkafa a babban faranti a kewaye ta, ba mai ƙirga lomarsa. Da dare soyayyar kaza da dankali, ko shawarma. Kowane ci da lemon gwangwani a gefe. A 2017 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan irin wannan lemo, kuɗinsa ya tashi, ban rage ko gwangwani ɗaya ba. Kuma ban saki abincin gida ba: tuwon shinkafa ranar Juma'a, waina ranar Asabar, fura duk lokacin da wani ya zo mana da gero daga Najeriya. Haihuwa uku, kowace da kunun kanwarta da gasasshen namanta, abin da ya hau a jego ba ya sauka kafin wani cikin ya zo.

Sannan mu mutanenmu ba mu ɗauki ƙiba ciwo ba. Duk hoton da na tura gida sai 'yan'uwa su ce, "Masha Allah, Saudiyya ta karɓe ki, maigida ya iya kiwo." Ni ma daɗi nake ji.

Mako biyu bayan umarar na je ƙaramin asibitin unguwarmu. Likitar da na tarar 'yar Sudan ce. Da ta ji ina yi wa autana faɗa da Hausa sai ta yi murmushi ta amsa mini da Hausa. Ashe 'yar Mai Wurno ce, garin nan na bakin kogi kusa da Sinnar, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta sa aka ɗebi jinina aka yi gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata uku. Ya fito 6.2. Ta ɗauki biro ta ja mini layi a takarda: ƙasa da 5.7 lafiya lau, daga 5.7 zuwa 6.4 mutum na bakin ƙofa, daga 6.5 kuma ya shiga ciwon suga. Ta ce, "'Yar'uwa, kina tsaye a bakin ƙofar nan, kuma a buɗe take. Akwai mai ciwon a gidanku?"

Akwai. Mahaifiyata ta yi shekara goma sha biyar tana fama da shi. Ya fara taɓa idonta, ya gangara ƙodarta. A shekararta ta ƙarshe sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda, ni ina nan ina aika kuɗi ina kuka ta waya. A 2017 Allah Ya karɓi abarSa, Allah Ya jiƙanta da rahama. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ni na gani da idona, ban ji tsoron ba sai ranar da aka ja mini layin nan a takarda.

Likitar ta yi mini bayani da harshen da zan gane. Shinkafa, burodi, tuwo, taliya, dankali, duk sitaci ne, da zarar sun shiga ciki suga suke komawa. Jini ya cika da suga, jiki ya saki insulin don ya kwashe shi ya kai inda ake buƙata, abin da ya yi rara a adana shi a matsayin kitse. In aka shekara ana yi wa jiki wannan lodi safe da rana da dare, sai ya fara toshe kunne ga insulin ɗin. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa na ɗauke da wajen giram 45 na sitaci, ni kuwa a zama ɗaya nakan tashi da kofi uku. Gwangwanin lemo ɗaya wajen giram 35 na suga ne, kusan ƙaramin cokali tara. Ta ce in rage, in riƙa tattaki, in dawo bayan wata uku. Ragewa ta ce. Ni ce na je na wuce gona da iri.

A waya na ci karo da tsarin da ake kira kito, inda ake matse sitaci ya koma ƙasa da giram 50 a yini, wasu ma 20, har jiki ya rasa sugan da zai ƙona ya juya kan kitsen da ya tara. Da shigowar Janairun 2020 na fara. A makon farko kilo uku suka tafi, na yi ta kiran ƙawaye ina ba su labari. Daga baya likitar ta fahimtar da ni yawancinsa ruwa ne. Jiki na ajiye wani suga a hanta da tsoka, kowane giram ɗinsa na riƙe da ruwa wajen giram uku, in ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari. Kitse na gaskiya a hankali yake tafiya. Kwanakin farkon nan na sha wuya: ciwon kai, kasala, ɗaurewar ƙafa cikin dare, bayan gida ya ƙi zuwa. Romon kaza mai ɗan gishiri da yawan shan ruwa da cin ganye ne suka warware ni bayan kamar kwana goma.

Abin da ya taimake ni shi ne girkinmu na gargajiya cike yake da abin da tsarin ke so, tuwon ne kawai matsala. Miyar kuka, kuɓewa, agushi da alayyahu, kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, farfesun kayan ciki, awara, ƙwai. Tsire ma, wanda mutanen Makka da Jidda suka karɓa daga hannun kakanninmu suna kiransa siriya, ya zama abincin darena da kabeji da kokwamba. Ƙarshen mako maigida ya biya Bangala, kasuwar kifi, ya sayo mini ɗanye in gasa. Na gwada har tuwon kabeji, a markaɗa a tace a tuƙa. Bai kai tuwo daɗi ba, amma ya raka ni a watannin da hannuna ke kewar loma. Wata ƙawata ta ce in koma tuwon alkama ko acha in ci in ƙoshi. Sun fi farar shinkafa dusa, gaskiya ne, amma su ma sitaci ne, mai auna sitaci dole ya auna su.

Kafin azumi na sauko zuwa kilo 93. A tsakanin nan korona ta shigo, aka dakatar da umara, aka rufe makarantu da masallatai, a farkon Afrilu aka sa wa Jidda dokar hana fita dare da rana. Hajiya ta zo mana kwana biyu daga Makka, hanya ta rufe, ta zauna tare da mu. Mu shida a gida mai ɗaki uku, ba shiga ba fita.

A nan ne nasarar ta hau mini kai. Na shiga kicin na kwashe suga, biskit, alawa, cakulan, garin kastad, na rarraba wa maƙwabta. Shinkafar yara da cokali nake auna musu. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, shimfiɗar buɗa-bakinmu da aka saba gani da Vimto da luƙaimat da sambusa ta koma miya da ganye da gasasshen nama. Na ajiye sikeli a tsakiyar falo, ina hawa safe da yamma. Ranar da ya nuna na ƙaru ko da rabin kilo ne, kowa a gidan sai ya gani a fuskata. Bakina kuma bai yi shiru ba. Yaro ya ce yana son alawa, in ce guba ce. Ya ce a ƙara masa shinkafa, in ce ita ta kashe kakarku. Wallahi a zuciyata kare su nake yi daga abin da na gani a gadon mahaifiyata.

'Yata ta tsakiya sunan mahaifiyar tawa gare ta, shi ya sa muke kiranta Ummi. Shekararta bakwai a lokacin. Wani dare bayan mun idar da tarawihi a falo, na zuba mata 'yar shinkafa da miya. Ta ture farantin a hankali, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, in na ci zan mutu irin na Hajiyar Kano?" Na rasa abin da zan ce. Washegari da safe na fito na tarar da ita tsaye a kan sikeli, ta duƙar da kai tana kallon lambobin, ta ɗaure fuska daidai yadda nake ɗaurewa. A satin nan kuma ina gyara gado na ga tururuwa sun yi layi zuwa ƙarƙashin matashin Auta. Na ɗaga, dabino ne guda huɗu ya ɓoye. Yaro ɗan shekara huɗu, a ƙasar dabino, yana satar dabino a gidan ubansa.

Hajiya ba mai yawan magana ba ce, shekara goma ina aure a gidanta ba ta taɓa sa mini baki a girki ba. Ranar ta kira ni ɗakinta. "Ke 'yar nan, zo ki zauna." Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Ciwonki naki ne, maganinki naki ne, kuma na ga kin yi ƙoƙari, Allah Ya ƙara lafiya. Amma yaran nan me suka yi miki? Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana son abu mai zaƙi da zuma. Ki rage musu, ban hana ki ba. Gidan da yaro ke ɓoye dabino a ƙarƙashin matashi kuwa, a sake dubawa." Na ce, "To Hajiya, na gode, in Allah Ya so zan gyara." Na fito idona fal hawaye, don na san gaskiya ta faɗa.

Na kira likitata ta waya na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ta ce tsarin kito tun asali a 1921 aka fito da shi a asibitin Mayo na Amurka don masu farfaɗiya, kuma har yau in an ɗora yaro a kansa to galibi saboda wannan lalura ce, ƙarƙashin kulawar asibiti. Lafiyayyen yaro mai tasowa yana buƙatar shinkafarsa da madararsa da 'ya'yan itacensa. Abin da ake rage masa shi ne sugan da ake ƙarawa da hannu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai kashi goma cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ya tsaya a biyar ma ya fi. Sannan ta ce in ɗauke sikelin nan daga falo yau-yau, kuma kada in sake haɗa sunan abinci da mutuwa a gaban yaro.

Sikeli ya koma bayan ƙofar banɗaki. Shinkafar yara ta dawo yadda take. Amma Ummi ba ta dawo ba, tana ci tana satar kallon fuskata. Ga Sallah na matsowa, kuma an sanar da cewa a kulle za a yi ta. Ba Idi, ba yawon Sallah, ba mai zuwa ya ba su goron Sallah. Na kwana ina tunanin abin da zan ajiye a gabansu ya sa su dariya. Sai na tuna jelin da ake jerawa a ƙananan kofuna a bukukuwan nan, wanda yara ke rububi. Maigida ya sayo kwali ɗaya a baƙala, wato ƙaramin kantin ƙasan gidanmu. Na juya bayansa na karanta, fiye da kashi uku cikin huɗu na garin suga ne, sauran kala da ƙamshi da ɗan jelatin. To tunda jelatin ɗin ne ke daskarar da shi, me zai hana in sayi zallarsa in haɗa da abin da na ga dama?

Hajiya ce ta fara tirjewa. Ta ce ta ji ana yin abin nan da alade. Ba ta yi ƙarya ba, jelatin daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, kuma da yawa daga wanda ake yi a duniya na fatar alade ne. Akwai kuma na saniya, akwai na kifi. Wanda muka samu an rubuta a jikinsa na saniya ne, da tambarin halal, kuma har yau ba na sayen wanda ban karanta bayansa ba, musamman in an kawo tsaraba daga wata ƙasa. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Na dafa farfesun ƙafar sa, na sa ragowar a firji. Da safe na kawo mata kwanon, romon ya daskare yana rawa. Na ce, "Hajiya, kin ga wannan? To shi ne, an dai tace shi an busar." Ta taɓa da yatsa, ta yi dariya ta ce, "Au, ashe ragadada ce aka yi wa kwalliya."

Gwajin farko bai yi ba. Na markaɗa ɗanyar abarba na haɗa, na bar shi a firji kwana guda, da safe ruwa tsululu. Na ƙara jelatin na sake, haka dai. Sai daga baya na gano ɗanyar abarba da gwanda da kiwi suna da wani sinadari mai narkar da furotin, jelatin kuwa furotin ne, don haka ba zai taɓa kamawa ba sai an dafa su tukuna, ko a yi amfani da na gwangwani. Na koma kan abin da na sani tun ina yarinya, wato zoɓo, wanda a nan suke kira karkade. Na dafa shi da kanumfari, na tace. Na barbaɗa babban cokali ɗaya na jelatin, wajen giram 10, a kan rubu'in kofi na ruwan sanyi, na bar shi minti biyar ya jiƙa ya kumbura. Sannan na juye shi cikin rabin lita na zoɓon yana da zafi amma ba a kan wuta ba, don tafasa na rage masa ƙarfi. Zuma babban cokali biyu. Awa huɗu a firji. Na fito da shi ja wur, ana hango cokali ta cikinsa, in an girgiza kwanon yana karkarwa.

Daren Sallah bayan yara sun yi barci na raba lemon zaƙi biyu-biyu, na kwashe cikin da cokali ban fasa ɓawon ba, na jera su a kan kofuna don kada su karkace. Wasu na cika da jelin zoɓo, wasu da na ruwan lemon da na matse na sirka da ruwa. Da asuba na yayyanka su tsaye, kowane yanki ya fito kamar kwale-kwale. Babban ɗana ya taya ni yanka takarda muka soka da tsinke, ya zama tutar jirgi. Muka jera su a faranti.

Auta ya fito ya yi ihu, ya ɗauki biyu lokaci guda. Ummi ta tsaya daga nesa cikin sabuwar rigarta, ta dubi farantin ta dube ni. "Umma, ba zai yi mini komai ba?" Ban amsa da baki ba. Na ɗauki jan guda ɗaya na ci a gabanta, zumar farko da ta shiga bakina a wata biyar. Na ce, "Zo ki ji daɗi, Ummi, na Sallah ne." Ta matso ta ɗauka, ta girgiza shi ta ga yana rawa, dariya ta kufce mata. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin azumi.

Daga nan daren Alhamis ya zama daren jeli a gidanmu, tunda Juma'a da Asabar ba makaranta. Mun yi teku a kwanon gilas, ɗigon kala shuɗi guda ɗaya, muka yanka tuffa siffar kifi, muka jira ruwan ya fara kauri kafin mu tura su ciki don su tsaya a tsakiya kamar masu iyo. Mun yi taurari da jinjirin wata da abin yanka biskit, wannan sai an ninka jelatin don ya ɗauku a hannu. Mun cika farantin ƙanƙara da kala-kala muka yayyanka, muka zuba farin jelin madara a kai, in an yanka ya fito kamar tagar gilas mai ado. Ranar 23 ga Satumba, ranar ƙasa ta Saudiyya, muka yi kore da fari. Kwana takwas bayan nan muka ƙara kore ɗaya a sama ya zama tutar Najeriya, na zaunar da su ina ba su labarin hawan Nassarawa da ba su taɓa gani ba. Wanda ya fi ba su wahala shi ne bakan gizo, don kowane hawa sai ya kama, wajen rabin awa, kafin a zuba na gaba, kuma na gaban sai ya huce, in ba haka ba ya narkar da na ƙasa su cakuɗe. Auta mai gaggawa ne, sau biyu yana ɓata mana. A karo na uku shi da kansa ya riƙe agogo.

Zafin Jidda ma malami ne. Jelatin a ɗumin jikin mutum yake narkewa, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma wanda muka ɗauka zuwa istiraha, wato gidan shaƙatawa, ranar sunan wata 'yar'uwa ya koma ruwa kafin la'asar. Wata maƙwabciyata 'yar Indunusiya ce ta nuna mini agar-agar, wanda ake yi da ciyawar teku. Shi sai an tafasa shi, amma in ya kama ba ruwansa da zafin ɗaki. Ya fi jelatin tauri, ba ya rawa sosai, yara sun fi son na farkon, amma in za a fita da shi waje ba ni da kamarsa. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: in akwai ƙaramin yaro, inabi sai an tsaga shi tsaye, jelin ya zama mai laushi, kuma a zaune ake ci. 'Yan ƙananan jelin nan masu tauri na cikin roba da yara ke zuƙowa lokaci guda ba sa shiga gidana, suna iya toshe maƙogwaro.

Ba na yaudarar kaina cewa jelin nan magani ne. Ruwan lemo ma suga ne, zuma ma suga ce. Amma ni ke riƙe da cokalin, na san abin da ya shiga, ƙaramin kofi ɗaya ya ishi yaro, kuma rabin daɗin a wajen haɗawa suke samunsa. Ni ma ina ɗibar nawa gefe kafin in sa zuma, zoɓo da tsaminsa, wani lokaci da zabadi, wato kindirmo, a kai.

Tafiyata kuma ba ta miƙe ɗoɗar ba. Na tsaya a kilo 86 wata huɗu cur sikeli bai motsa ba. Gwajin kitsen jini ya nuna ya hau, saboda yadda na saki jiki da man shanu da cuku da kitsen rago ina cewa ai ba sitaci ba ne. Likita ta mayar da ni kan man zaitun da kifi da gyaɗa, ta ce in sassauta in koma wajen giram 100 na sitaci a yini, abin da zan iya riƙewa har tsufa. Yanzu nakan ci shinkafa cokali huɗu ko biyar bayan na fara da ganye da nama, in buɗe baki da dabino biyu. Bayan isha'i ni da maigida mukan taka a bakin teku, muna hango feshin ruwan Sarki Fahad yana tashi sama. A 2022 na je Kano wata biyu na dawo da ƙarin kilo biyar, don ba a shiga gidan 'yan'uwa a ce ba a cin tuwo. Na sauke su a hankali ba tare da na ɗaga hankalin kowa ba. Yau ina kilo 80, gwajin sugana na ƙarshe 5.5.

Wata baiwar Allah a layinmu da ke yin allurar insulin ta ga na rame, ta yanke sitaci gaba ɗaya ba ta gaya wa likitanta ba, tana ci gaba da allurarta yadda ta saba. Suganta ya faɗi, a sume 'yarta ta same ta a kicin. Allah Ya sa da sauran kwana. Tun ranar duk wadda ta tambaye ni yadda na yi, tambayar farko da nake mata ita ce ko tana shan maganin suga, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko ƙodarta na da matsala. In ta ce e, ba na ƙara komai sai ta ga likita.

Bara mun koma umara, na yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafata, ina tura Hajiya, don yanzu ita ce ƙafa ta gaza. Ta dawo wajenmu da zama gaba ɗaya. Haƙora sun tafi, abinci ba ya mata daɗi, sai an yi ta lallashi take karɓar loma biyu. Ummi, wadda yanzu ta shiga shekara goma sha uku, ita ta karɓi daren Alhamis daga hannuna, kuma ita ta gano cewa in an jiƙa tsamiya an tace an yi jeli mai laushi da ita, Hajiya na shanye kofi guda ba musu. Takan kai mata har gado, ta zauna a gefenta da cokali. Na makon jiya Hajiya ta ce ya cika tsami, a ƙara zuma kaɗan. Ummi ta rubuta a takardar da ta manna a jikin firji, ƙarƙashin inda ta rubuta wa Auta cewa ba a sa ɗanyar gwanda.